Hannun Likita da Alƙalaminsa: Darasi daga Hartum da Umdurman

Wanda ya san Umdurman kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya san cewa a ƙofar kowane babban asibiti akwai wata majalisa wadda ba hukuma ce ta kafa ta ba, wato inuwar darbejiya inda mai shayi ke ajiye murhunta da 'yan kujerunta, inda masu jinya ke taruwa da hantsi suna kurɓar shayi da gahawa kafin a buɗe musu ƙofa. Ba a rasa Hausawa a irin wannan majalisa, waɗansu daga Mai Wurno, waɗansu daga ƙauyukan Jazira da Gadarif, waɗansu kuwa baƙi daga Kano ko Maiduguri da neman magani ya kawo su. A nan ne za ka ga saurayi ɗan makaranta ya rusuna gaban dattijo yana cewa, "Kawu, na bincika, likitan da aka tura mu wurinsa shaihin malami ne, ya yi rubuce-rubuce fiye da ɗari, har Turawa suna kafa hujja da shi." Dattijon kuwa, wanda ɗansa ke kwance a ciki yana aman jini tun daren jiya, sai ya ajiye kofi ya ce, "Ɗana, ni ba takarda na kawo a duba mini ba. Ka tambayo mini, hannunsa yana da albarka kuwa?"

Wannan muhawara ta yaro da kawunsa ita ce ake yi kullum a gidajenmu da jami'o'inmu, sai dai lafazin ya bambanta. Jama'a suna ganin likitan fiɗa da ya zauna yana rubutu ya bar aikinsa na ainihi, alhali hukumomin jami'a, idan lokacin ƙarin girma ya zo, ba abin da suke tambayarsa sai yawan maƙalolin da ya wallafa da yawan waɗanda suka ambace su. Ra'ayina shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi, domin hannun likita, kome albarkarsa, da shi ake binne shi, kuma rubutun da bai sauya kome a gadon majinyaci ba, kome yawansa, nauyi ne kawai a kan kanta. Abin da ya cancanci a auna malamin tiyata da shi shi ne ilmin da ya fita daga hannunsa ya shiga hannun waninsa har wani bawan Allah da bai taɓa jin sunansa ba ya warke ta dalilinsa. Ban san garin da tarihinsa ya fi bayyana wannan mas'ala kamar Hartum ba.

1. Ƙidaya daban, awo daban

Tun shekarar 1964 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya fara fitar da kundi mai lissafa wace maƙala ce ta ambaci wace, sa'an nan a 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya dunƙule rayuwar malami gaba ɗaya cikin lamba guda, ta yadda wanda aka ce lambarsa 20 ce, ma'anarta yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗayansu sau 20 ko fiye. Wannan dabara tana da fa'ida, domin ta rage son kai da sanayya wajen ƙarin girma, ta kuma tona asirin wanda ya shekara talatin a kan kujera bai rubuta kome ba. Amma aibinta a fili yake, har ma a 2012 wani taron masana da editocin mujallu a birnin San Francisco ya tsara sanarwa yana gargaɗin jami'o'i da su daina auna mutum da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki.

Dalili kuwa shi ne ambato yana bin inda marubuta suka yi yawa, marubuta kuwa suna yawa inda kuɗin bincike yake. Likitan da ya yi nazari kan tiyatar rage ƙiba a Amurka zai sami masu ambatonsa dubbai, domin dubbai ne ke rubutu a fagen, amma wanda ya ƙare ƙuruciyarsa kan hantar manoman Jazira, abokan fagensa a duniya ba su da yawa, ko da kuwa masu fama da ciwon sun kai miliyoyi. Wanda ya dogara ga lambar nan kaɗai, misalinsa misalin ɗan kasuwa ne da ya shiga kasuwar Dawanau ya ƙidaya buhuna ya biya, bai soka ko ɗaya ya ga abin da ke ciki ba. Malaman hadisi na farko sun riga mu fahimtar wannan, domin ba su taɓa gaskata mai ruwaya saboda yawan ruwayarsa ba, sai da suka binciki adalcinsa da kiyayewarsa, suka bi isnadi mutum bayan mutum, suka gwada lafazinsa da na waninsa, kafin su ce wannan amintacce ne, wancan kuwa a bar shi.

2. Garin da ya san ɗakin bincike kafin makarantar likita

A shekarar 1903 aka buɗe ɗakunan binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Wellcome a cikin ginin Kwalejin Gordon a Hartum, ƙarƙashin jagorancin Andrew Balfour, alhali makarantar koyon aikin likita ta Kitchener ba a buɗe ta ba sai 1924, wadda daga baya ta zama tsangayar likitanci ta Jami'ar Hartum. Ba na faɗin wannan domin yabon mulkin mallaka, gama masu mulkin suna da nasu buƙatun, na kare sojojinsu da ma'aikatansu da kuma samun lafiyayyun masu noma musu auduga. Ina faɗa ne domin a ga cewa al'adar rubuta abin da aka gani a jikin majinyaci ta daɗe a garin, har ɗaliban Sudan da suka gaji wurin suka tarar da ita suka ɗora.

Babban misali shi ne John Christopherson, likitan asibitin gwamnati na Hartum, wanda a 1917 ya fara gwada allurar wani sinadari mai suna antimoni a kan masu ciwon tsargiya, cutar da tun zamanin Fir'auna take addabar mutanen kogin Nilu ba tare da an san mata magani ba. Da ya ga majinyata sun daina fitsarin jini, ya kuma duba da madubin likita ya tarar ƙwan tsutsar sun mutu, bai riƙe abin a matsayin asirin hannunsa ba, sai ya wallafa shi a mujallar Lancet a 1918, da bayanin yadda ake bayarwa da abin da ya biyo baya. Allurar tana da wahala ƙwarai, tana kuma da haɗari, amma da ita duniya ta yi ta yaƙar tsargiya shekaru da dama, daga Masar har zuwa ƙasar Sin, kafin a sami ƙwayar firazikwantel da ake raba wa yara a makarantunmu yanzu. Da a ce ya yi shiru, da iyakar amfaninsa waɗanda suka kwanta a ɗakinsa.

3. Mai aman jini

Bari mu koma ga irin ciwon da ya kawo dattijon nan asibiti, domin yana cikin waɗanda suka fi cika ɗakunan tiyatar ciki a Hartum. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka keta ƙasar Jazira da magudanan ban ruwa tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiyar hanji ta sami mazauni, manoma da 'yan ƙwadago kuwa, waɗanda Hausawa da Fulani da Barebari ke da yawa a cikinsu, suna shiga ruwan nan kullum. Ƙwan tsutsar sukan bi jini su maƙale a hanta, jiki ya yi ta kewaye su da tabo shekara da shekaru har hanyoyin jini su ƙuntata, saifa ta kumbura, jinin da ya rasa mafita ya koma ƙananan jijiyoyin da ke bakin tumbi da ƙasan bututun abinci, su yi ta cika har wata rana ɗaya ta fashe, magidanci mai ƙarfinsa ya faɗi yana aman jini a gona. A da, abin da likita ke iyawa shi ne ya buɗe ciki, ya cire saifa, ya ɗaure jijiyoyin, aiki babba a jikin mutumin da jininsa ya riga ya ƙare.

Abin da ya sauya wannan hali bincike ne na 'yan ƙasa. Farfesa Sulaiman Salih Fidail da abokan aikinsa suka duƙufa kan bututun nan mai fitila da ake zurawa ta baki a ga cikin tumbi, suka wallafa abin da suka gani tun farkon shekarun 1980, suka koyar da yadda ake tsayar da jinin ta cikin bututun ba tare da an tsaga mutum ba, har aka wayi gari asibitin Ibn Sina, wanda aka gina da taimakon ƙasar Japan, yana da cibiya ta musamman domin masu aman jini. A 1988 kuma Mamun Humaida da abokansa suka nuna cewa na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita, tana gane tabon hantar nan daidai da yadda ake gane shi idan an yanko tsoka an duba, sa'an nan suka ɗauki na'urar suka shiga ƙauyukan Jazira suna auna abin da maganin tsargiya ke yi wa hanta. Irin wannan aiki yana cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora a kai lokacin da ta tara masana a birnin Yamai a 1996 domin su tsara ƙa'ida guda ta duba mai tsargiya da sikanin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wani baƙo da zai zo daga nesa ya fi likitan Hartum sanin hantar manomin Jazira.

Haka kuma tarihin gyambon ciki yake a duniya baki ɗaya. Theodor Billroth, wanda ya fara yanke sashen tumbi majinyaci ya tashi, a birnin Viyana a 1881, an san shi da wallafa sakamakon aikinsa duka, wanda ya rayu da wanda ya mutu, kuma wannan gaskiya tasa ce ta sa fannin ya ci gaba. Bayansa likitoci suka shafe kusan ƙarni guda suna yanke tumbi da jijiyoyinsa saboda gyambo, har Robin Warren da Barry Marshall na ƙasar Ostareliya suka tabbatar a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, kuma maganin sha na 'yan makonni yana kashe ta, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2005. Bincike mafi albarka a fagen tiyatar ciki shi ne wanda ya sa aka rage yin tiyatar, kuma likitan fiɗa na kirki shi ne wanda ya yi murna da haka.

4. Likitan da ya rayu da ƙodar ɗan'uwansa

A fagen dashe, sunan da Sudan ba za ta manta ba shi ne Farfesa Umar Muhammad Bilail. Likitan fiɗa ne wanda Allah ya jarrabce shi da ciwon ƙoda yana tsakiyar ƙuruciyarsa, aka dasa masa ƙodar ɗan'uwansa, ya tashi, ya rubuta littafi a kan jinyarsa, sa'an nan ya mayar da ragowar rayuwarsa ga wannan fanni, har a 1974 ya yi dashen ƙoda na farko a Sudan, shekara 20 kacal bayan Joseph Murray ya yi na farko mai nasara a duniya, a birnin Boston, tsakanin waɗansu tagwaye. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Hartum daga 1981 zuwa 1985. Domin mai karatu ya gane girman wannan rigaye, ya tuna cewa a Nijeriya ba a yi dashen ƙoda ba sai a shekarar 2000 a Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa ya fara nasa a 2002.

Amma a nan ne darasin ya fi ɗaci, domin bayan 1974 sai aka shafe kusan shekara 25 dashen da ake yi a Sudan bai taka kara ya karya ba, masu hali suna fita waje, marasa hali suna haƙuri, har sai wajen shekarar 2000 da aka farfaɗo da aikin a asibitin Ahmad Ƙasim da ke Bahri. Ba gwaninta aka rasa ba. Dashe aiki ne da ɗinkin jijiya ya zama mafi ƙanƙantar sashensa, gama yana buƙatar ɗakin gwaji mai tantance dacewar jinin mai bayarwa da mai karɓa, da magungunan danne garkuwar jiki waɗanda majinyaci zai sha muddin ransa, irin su saikulosiforin da Roy Calne ya fara gwadawa a Kambirij a 1978, da ma'aikatan jinya ƙwararru, da rajistar da za ta bi kowane majinyaci shekara bayan shekara, da kuma natsuwar zukatan jama'a cewa shari'a ta yarda. Wannan na ƙarshe ya samu ƙarfi a 1988, lokacin da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta cinikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da likitocin ƙoda na Sudan suka zauna a 2009 suka ƙidaya majinyatansu na ƙasa baki ɗaya, suka sami kusan mutum 2,900 a kan injin wankin ƙoda da fiye da 1,100 masu rayuwa da ƙodar dashe, suka wallafa. Irin wannan maƙala ba ta jawo wa mai ita shuhura a Turai, amma da ita ake zuwa gaban hukuma a ce ga adadin injinan da ake buƙata, ga kuɗin maganin shekara, ga kuma hujjar cewa dashe ya fi wanki sauƙi ga baitulmali da ga majinyaci idan an yi lissafin dogon zango.

5. Abin da yaƙi ya ci

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum, ɗalibanmu na Jami'ar Afirka da sauran makarantu suka fito ta iyakar Masar da ta Bur Sudan, mafi yawan asibitocin babban birnin suka rufe, ban da 'yan kaɗan irin su asibitin Nau na Umdurman, wanda ma'aikatansa suka daure suna aiki ana luguden wuta a kewayensu. Masu wankin ƙoda, waɗanda rayuwarsu ke rataye a kan inji da lantarki da ruwa mai tsabta, suna cikin waɗanda suka fara halaka, masu ƙodar dashe kuwa suka shiga neman magani ido rufe, domin 'yan kwanaki ba tare da shi ba sun isa jiki ya juya wa ƙodar baya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa ƙasar da zaman lafiya.

A dubi abin da ya sami Farfesa Ahmad Hasan Fahal, likitan fiɗa wanda a 1991 ya kafa cibiyar binciken maisitoma a Soba, wato ciwon nan da ƙaya ke shigar da shi ƙafar manomi ko makiyayi, ya yi ta cin nama da ƙashi har a yanke ƙafar. Da nacinsa da hujjojin da cibiyarsa ta tara aka kai ga Babban Taron Lafiya na Duniya ya sanya ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Mayu 2016, kuma a cibiyarsa aka fara gwajin sabon magani a 2017. Yaƙi ya bi ta kan cibiyar, aka wawashe ta, samfuran da aka tara cikin shekaru masu yawa na aiki suka salwanta. Amma sakamakon gwajin ya fito a 2024, da bayani na gaskiya cewa sabon maganin bai zarce tsohon ba wajen warkarwa, sai dai sau ɗaya ake shansa a mako maimakon kullum. Gini ya tafi, firiji ya tafi, abin da aka wallafa da ɗaliban da aka yaye kuwa suna nan a warwatse cikin duniya, kuma da su za a sake gini. Malamanmu sun karantar da mu cewa ilmin da ake amfana da shi yana cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa da mutuwa, ga shi kuwa mun ga ko wuta ba ta yanke shi ba.

6. Mizanin da nake ba da shawara

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna da namu masu aman jini a yankunan noman rani na Kadawa da Bakolori, muna da ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da kewayenta har jama'a suka gaji da tambayar dalili, muna kuma da ƙwararrun likitocin fiɗa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi waɗanda abin da suka gani cikin shekara talatin yana cikin kawunansu da cikin fayilolin da gara ke ci. Saboda haka, idan kwamitin jami'a ya zauna auna malamin tiyata, bayan ya duba lambarsa, ya ƙara masa tambayoyi huɗu. Ta farko, shin ciwon da ya bincika yana cikin abin da ke kashe mutanen da ke biyan albashinsa? Ta biyu, wane abu ne ake yi a ɗakin majinyata yau wanda ba a yin sa kafin rubutunsa, ko aka daina saboda shi? Ta uku, ya wallafa waɗanda suka mutu a hannunsa kamar yadda ya wallafa waɗanda suka tashi? Ta huɗu, almajirai nawa ya yaye waɗanda ke iya aikin ba ya wurin, su ma suna koyar da waɗansu?

Hukumomin asibitoci kuma, wajibi ne su kafa rajista ta dindindin ga kowane dashe da kowace babbar tiyatar ciki, a kuma ajiye kwafinta a wuri fiye da ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Attajiranmu, waɗanda Allah ya hore wa gina masallatai da rijiyoyi, su san cewa ɗaukar nauyin binciken da zai gano abin da ke lalata ƙodar mutanen Gashuwa waƙafi ne cikakke. Mu kuma talakawa masu jinya, idan likita ya nemi izinin rubuta bayanin ciwonmu ba tare da ambaton suna ba, ko ya ce mu dawo bayan shekara ko da mun warke, mu ba shi haɗin kai, domin majinyacin da ya ji sauƙi ya ɓace ya tafi da rabin ilmin da za a ceci na bayansa da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa wa ilmin likitocinmu albarka.